Abin da Na Zaɓa wa Asibitin Baba

Ƙauyen Uranohama, tsibirin Goto, Japan
9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Tokiko,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Misuzu da mijinta da jikokinki biyu. Duk ranar Lahadi idan muka durƙusa a coci, ni da matata Kinue, sunanki ne farko a bakinmu. Allah ya ƙara miki sauƙin wannan zuciya, ya sa maganin da likitocin Brazil suka canza miki ya karɓe ki fiye da na baya. Misuzu ta gaya mini kumburin ƙafar ya saɓe, har kina fita baranda kina ba shuke-shukenki ruwa. Na ji daɗi ƙwarai, sai dai na san halinki, ko kina shirin faɗuwa cewa za ki yi lafiyarki ƙalau. Don haka ki rage gishiri, ki daina ɓoye wa yarinyar nan abin da kike ji a jikinki. Ƙanenki ne ke roƙo, ba likita ba.

Mu nan muna lafiya. Sanyi ya fara shigowa ta bakin teku, mata sun shanya yankakken dankali a kan rumfuna, duk gangaren bayan coci ya yi fari fat kamar yadda kika san shi. Gwiwar Kinue tana nan tana damunta idan za a yi ruwa, amma ba ta hana ta shiga lambu ba. Guguwar watan Satumba ta yaye mana rufin ɗakin ajiya, an gyara. Farkon watan nan mun je mun wanke kabarin Baba da na Inna, na ajiye furanni da sunanki. Ɗanmu Haruhiko yana can Osaka da aikinsa na gine-gine, matarsa na da ciki na biyu. Ya ce in gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda da kan sarki, alhali duk wata muna magana ta waya. Sau biyu na kira ki da niyyar gaya miki abin da ke cikin nan, da na ji muryarki sai in koma zancen kifi da yanayin gari. Don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar da kika yi shekara goma sha huɗu kina zagi, wadda muke haɗa takardun inshora da ita duk farkon wata? Tun bara kamfanin da ya yi manhajarta ya aiko da takarda cewa daga ƙarshen Maris mai zuwa sun daina kula da ita, ba gyara, ba sabunta farashin magani. Da na karanta ban ko damu ba, tunda ni da ke mun riga mun gama magana: ƙarshen Maris in rufe asibitin, in miƙa marasa lafiyata ga babban asibitin tsibiri, ni da Kinue mu hau jirgi mu zo mu yi wata shida a wurinki. Har na ce wa nas ɗinmu Fusae, ga shi ni da kwamfutar za mu yi ritaya rana ɗaya. Ta ce ai daidai ne, dama dukanmu biyu sai an buga mu muke tashi da safe.

Sai ga abin da ya sami tsoho Genzo mai kwale-kwale. Shekara ashirin da biyu yana zuwa wurinmu da ciwon suga, tun Baba na da rai. Ranar sha biyu ga Mayu ya zo na duba shi, na ce ya dawo bayan wata ɗaya. Bai dawo ba a Yuni, bai dawo ba a Yuli. Yaya, ba wanda ya lura. Ni ban lura ba, Fusae ba ta lura ba. Gidansa tafiyar minti goma ne daga ƙofarmu, kullum ina wuce kwale-kwalensa a ɗaure. Ƙarshen Agusta maƙwabcinsa ya kawo shi a bayan ƙaramar motar kifi, ƙafar dama naɗe da tawul. Tun kafin in kwance tawul ɗin wari ya gaya mini komai. Ƙugiya ce ta soke shi a tafin ƙafa, bai ji ba, ya yi ta takawa har wurin ya ruɓe. A ranar aka tsallaka da shi Nagasaki, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Bayan mako biyu na hau jirgin ruwa na je duba shi. Na shirya maganganun ban haƙuri a hanya, bai bar ni na faɗi ko ɗaya ba. Yana ganina ya ce, "Ƙaramin likita, ka zo ganin abin da ya rage?" Shekarata sittin da biyu, har yanzu ƙaramin likita nake a bakinsu. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa. Ya ce ranar farko teku ce ta yi kyau ya fita kamun kifi, daga nan kunya ta kama shi don ya san ya sha giyar dankali fiye da kima kuma awo zai tona shi. Sai ya zauna yana jira a kira shi a yi masa faɗa. Ya ce, "Da Tokiko na nan, kwana uku ba zan ƙara ba sai na ji ta a bakin ƙofa tana cewa, kai tsohon banza, mutuwa kake so ka yi mana a ɓoye? Na yi ta jira, shiru. Na ce to, ashe an sallame ni." Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa a jirgin dawowa ban iya zama a ciki ba, a waje na tsaya har muka iso.

Sai a lokacin na gane aikin da kika yi shekara talatin da ɗaya kina yi a teburin gaba. Ni a ganina katuna kike jerawa kina haɗa takardun inshora. Fusae ce ta tuna mini yadda duk ranar Juma'a kike jawo durowar masu suga da ta masu hawan jini, kina bi ɗaya bayan ɗaya, wanda lokacinsa ya wuce ki tayar da katinsa tsaye, ki kira shi, in bai ɗauka ba ki aika masa mai kawo wasiƙu ko ki tare shi a ƙofar coci. Bayan tafiyarki Fusae ta riƙe abin kusan shekara guda, aiki ya yi mata yawa, ya sulale, ni kuma ban taɓa tambaya ba don ban san ana yi ba. Na zauna na ƙirga masu ciwon da ba ya warkewa sai lallaɓawa, su ɗari da arba'in da uku ne, fiye da rabinsu sun haura saba'in da biyar. Babban asibitin nan tafiyar awa guda ce a bas, bas ɗin kuma sau biyu yake zuwa a rana. Idan mutum ya ɓace mana a tafiyar minti goma, me zai faru da su a can, inda ba wanda ya san fuskarsu? Ban gaya wa kowa na canza shawara ba. Na dai ce wa Fusae ta kira masu sayar da manhajar asibiti mu ga abin da suke da shi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗauki waya.

Na farko daga Fukuoka ya zo, cikin kwat mai sheƙi, da kwalin alewa tsaraba. Fusae ta karɓa ta ce an gode, dama abin da ɗakin jiranmu mai cike da masu suga ya rasa ke nan. Amma gaskiya kayansa na da kyau. Wajen takardun inshora ban taɓa ganin irinsa ba, kafin ka aika yake nuna maka kuskurenka, aikin da ke cin mana kwana uku ya ce rabin yini zai ishe shi. Na ji raina ya biya, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tambaye shi yaya zan san wanda bai zo ba. Ya ce manhajar tana nuna duk wanda ya zo, na yau, na wata, na shekara, har da zane mai launi. Fusae ta ce, "Bawan Allah, wanda ya zo ai da idonmu muke ganinsa, ga shi nan zaune yana tari." Ya yi murmushi ya ce za a iya ƙara mana wannan nan gaba in mun biya daban, amma bai san yaushe ba.

Na biyu ko tsallako ruwa bai yi ba, ta fuskar kwamfuta muka yi magana. Tasa ce mafi araha, komai a intanet ake ajiye shi, kuma kowane marar lafiya zai sa wata 'yar manhaja a wayarsa ya riƙa shigar da awon jininsa, ita kuma ta riƙa tuna masa ranar zuwa. Na ce masa ina da Kaka Sute mai shekara tamanin da takwas, wadda jikanta ya saya wa waya take ajiye ta a cikin tukunyar shinkafa don kada ta ɓata. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Fusae ta tambaye shi, idan guguwa ta yanke layi kwana uku kamar yadda ta yi mana a Satumba, ta ina za mu ga maganin da mutum yake sha? Ya ce irin haka ba kasafai yake faruwa ba. Ta ce masa ya zo ya yi damina ɗaya a nan, ɗaki kyauta.

Ta uku wata mata ce mai suna Nagahama, daga wani ƙaramin kamfani a Nagasaki. Teku ta wahalar da ita a hanya, ta iso fuskarta kamar ganyen shayi, sai da Kinue ta kwantar da ita rabin awa ta ba ta ruwan citta. Da ta farfaɗo ba ta buɗe jakarta ba, ta ce a fara nuna mata katunanmu. Ashe tsohuwar nas ce, ta yi shekaru a sashen masu ciwon ƙoda. Ta daɗe tana duba su, har ta kai ga rubutunki na jan fensir a gefe: wannan yana tsoron allura, a yi masa zancen karensa, wannan kada a faɗi awonta a gaban surukarta, wannan in ya ce kofi ɗaya yake sha, a ninka uku. Ta ɗago ta tambaya wa ya rubuta waɗannan. Na ce yayata ce, tana Brazil. Ta ce to, manhajarsu ba za ta kai ki ba, amma tana da wurin rubuta irin wannan a saman shafin kowa, inda ido zai fara sauka.

Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce fuskar manhajarsu ba kyau, kamar ta shekara ashirin da suka wuce, wajen inshora kuma ba ta kai ta Fukuoka sauri ba, ga ta fi ta tsada da kusan yen dubu goma sha biyu a wata. Amma komai yana zaune a kwamfutar asibitinmu, ko layi ya yanke aiki ba ya tsayawa, in ya dawo sai ta aika kwafi can wurinsu. Sugan mutum da hawan jininsa da ƙodarsa na shekaru duk a shafi ɗaya, da ranar da aka duba masa ido da ƙafa na ƙarshe. Kuma duk wanda na ce ya dawo rana kaza, in bai dawo ba, safiyar Litinin sunansa zai fito a gaban allo, ba zai sauka ba sai wani ya rubuta abin da aka yi a kai. Na tambaye ta idan su ma suka rufe, ko suka yashe mu kamar na baya fa? Ta ce su goma sha ɗaya ne kacal a kamfanin, ba za ta rantse mini ba za su rufe ba, amma za ta sa a cikin yarjejeniya cewa bayanan namu ne, mu kwashe su duk ranar da muka so, a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Sannan ta ce yarjejeniyar ta shekara biyar ce, ba su yin ƙasa da haka, don su ma ba za su iya ɗaukar wahalar kafawa a tsibiri don shekara ɗaya ba.

Shekara biyar, Yaya. Na kai maganar wurin Kinue da rana tsaka tana juya dankali a kan rumfa. Kin san ta riga ta sayi manyan akwatuna biyu, da ɗan littafin koyon yaren can, tana ta maimaita yadda ake cewa na gode da nawa ne wannan. Ta saurare ni har na gama, ba ta daina juya dankalinta ba. Ta ce shekara talatin da biyar tana jiran wannan Maris ɗin. Ta ce Haruhiko ba likita ba ne, ba wanda zai gaje ni, in ban rufe bana ba, zan rufe baɗi ko baɗin baɗaɗa, to mene ne bambancin? Ta ce, "Kai kana da shekara biyar da za ka bayar. Ita Yaya ka tambayi zuciyarta ko tana da su?" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ga abinci, ga wanka. A rana ta uku ta dawo daga kai wa matar Genzo miya, ta same ni a ɗakin duba marasa lafiya, ta ce in buga hatimin a kan yarjejeniyar in huce, amma da sharaɗi: ba ita za ta gaya miki ba, ba Misuzu ba, ni zan rubuta da hannuna. Ga shi ina cikawa. Na buga hatimin ranar ashirin ga Oktoba.

Nagahama ta dawo ta yi kwana uku tana koya mana, ta sake shan wahalar teku zuwa da komawa. Muka fara da durowar masu suga da ta masu hawan jini, Fusae na shigarwa, ni ina karanta mata, inda rubutun Baba ya gagare ni sai mu yi ta gardama. Rubutunki na jan fensir duk mun kwafe shi, ba mu canza kalma ko ɗaya ba, har da zagin. Litinin ɗin da ta wuce ce ta farko da jerin ya fito. Sunaye goma sha bakwai. Uku sun rasu, mun sani, ba mu dai rufe katunansu ba. Biyu sun koma wurin 'ya'yansu a birni. Goma sha ɗaya kuwa suna nan a ƙauyen nan da ƙauyukan sama, wani wata biyu, wani wata biyar bai zo ba. Kafin Alhamis mun samu tara a waya, biyu na bi su gida da kaina. Ɗaya daga ciki Kaka Sute ce, maganin hawan jininta ya ƙare tun Agusta, tana shan na maƙwabciyarta rabi-rabi. Da na yi mata faɗa ta ce ban iya ba, muryata ta yi laushi da yawa, in je in koyo.

Na goma sha bakwai ke ce. Katinki yana cikin durowar masu hawan jini, ba wanda ya taɓa cire shi, Fusae kuma ta rantse ba ta lura ba lokacin da take shigarwa, ko da yake ban yarda da ita ba. Ga sunanki a ƙasan allo, Hamabe Tokiko, shekara saba'in da biyu, lokacin dawowarta ya wuce da shekara huɗu da wata biyu. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Akwai wurin da ake dannawa a ce mutum ya ƙaura, sunan ya sauka. Fusae ta kai hannu, ta tsaya, ta tambaye ni ta danna? Na ce ta bar shi. Ta ce to duk Litinin zai fito fa, ba zai gaji ba. Na ce na sani. Na duba agogo, takwas da rabi na safe, na lissafa ku a can daren Lahadi bai daɗe da yi ba, wataƙila kina zaune da jikokinki kuna cin abinci. Daga nan na ce a shigo da marar lafiya na farko.

Yaya, na karya miki alkawari, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na san likitocinki sun hana ki doguwar tafiyar jirgi, na san kin sa an gyara mana ɗaki, Misuzu ta ce har labule kika zaɓa. Duk na sani na buga hatimin. Ina kewarki fiye da yadda na taɓa faɗa miki. Wani lokaci in an turo ƙofar gaba da ƙarfi sai in ɗago kai, don ke kaɗai ce kike turo ta haka. Na rubuta wa wani abokin karatuna da ya yi ritaya a Sasebo, na roƙe shi ya riƙe mini asibitin mako uku a watan Agusta, yanzu da komai yake a rubuce yadda baƙo zai iya karantawa. Bai ba ni amsa ba tukuna. Wannan karon ba zan ce miki na yi alkawari ba, sai na ga tikiti a hannuna. Mako uku ba wata shida ba ne, amma in Allah ya yarda zan zauna a barandar nan taki in auna jininki da hannuna. Ki sha maganinki, ki jira ni. In kuma fushi kike yi, kada ki haɗiye shi, ki rubuto mini shi duka, da jan fensir in kina da shi.

Ki gaishe mini da Misuzu, ki ce na gode da ɗawainiyar da take yi da ke. Ki gaishe da mijinta Paulo, da Emi da ƙaramin Kenzo, ki ce kakansu na tsibiri yana ajiye musu bawon kifin teku masu kyau. Kinue tana gaishe ki, ta ce akwatunan suna nan ba ta mayar ba, kuma za ta aiko miki da busasshen dankali in ya gama bushewa. Fusae tana gaisuwa. Genzo ya dawo gida, yana koyon tafiya da ƙafar roba, ya ce in gaya miki ya zo awonsa na wannan watan kwana biyu kafin ranarsa.

Allah ya tsare ki, ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki mai kewarki,
Shigeharu